Harbin Kwali da Kare Kai: Gasar Tana Shirya Mutum Ko Tana Ruɗarsa?

Baban Iman (Dalas):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Admin a yi mini afuwa, maganar tana da ɗan tsawo. Wata goma sha huɗu ke nan ina zuwa gasar harbi ta IDPA a wani fili da ke bayan garin Dalas a nan Amurka, Asabar ɗaya a kowane wata. Ga waɗanda ba su san ta ba: gasa ce ta ƙaramar bindiga, an tsara ta domin masu ɗaukar bindiga a ɓoye. Za a shirya maka labari, a ce kana gidan mai kana zuba wa mota, ɓarayi uku suka taso maka. Ɓarayin kwalaye ne masu siffar mutum. A tsakaninsu akwai kwalin da aka zana wa tafin hannu biyu a buɗe, shi ba ruwansa, mai wucewa ne. Bindigarka tana cikin kube a ƙugu, riga ta rufe ta. Agogo ya yi ƙara, ka zaro, ka yi harbi. Makinka shi ne lokacinka. In harsashi ya shiga da'irar inci 8 da ke ƙirjin kwalin ba a ƙara maka komai. Ya ɗan fita, daƙiƙa 1. Ya kama gefe, daƙiƙa 3. Ka kuskure gaba ɗaya, daƙiƙa 5. Ka harbi mai tafin hannu, wata daƙiƙa 5.

Duk watannin nan da falmaran irin ta masunta nake zuwa, kamar kowa a filin, da Glock 34 mai dogon baki. Daga ƙarar agogo zuwa harsashin farko ina yin daƙiƙa 1.6, har na fara jin kaina. To ranar Asabar sai na ce bari in je yadda nake fita da gaske. Na sa kaftanin da nake zuwa Juma'a da shi, na ɗauki Glock 43 ɗin da take jikina kullum, mai cin harsashi 6. Jama'a, na sha kunya. Kafin in tattare kaftanin da hannun hagu in kai ga bindigar, daƙiƙa 3.4. A zagaye na biyu bakin rigar ya sarƙe da gindin bindigar. A na huɗu na huda wa mai tafin hannu kafaɗa. Da na zo mayar da ita kube, alƙalin fili ya daka mini tsawa in tsaya cak, ashe yadin ya cusa cikin kuben, saura kaɗan ya ja kunama. Mu 38 muka yi, na zo na 31.

Tun ranar nake tambayar kaina: wata goma sha huɗun nan shiri na yi, ko wasa na yi na sa masa suna shiri?

Ɗan Damagaram (Greensboro):
Hahaha Yaya, da babbar riga ka saka, da har yanzu kana can kana lalube.

Kawu Tsohon Soja (Killeen):
Wa alaikumus salam. Baban Iman, ban ga abin kunya ba. A wurina ranar ce kaɗai ka je filin da amfani. Sauran ranakun kana horar da wani mutum ne mai falmaran da Glock 34, mutumin da ba ya zuwa Walmart, ba ya zuwa masallaci, ba ya ɗauko Iman daga makaranta.

Abin dariyar shi ne wannan cuta ce aka kafa IDPA don a magance. Asalin harbin gasa irin wannan IPSC ce, da aka kafa a 1976 a Columbia ta jihar Misuri, Jeff Cooper ne shugabanta na farko. Da tafiya ta yi tafiya sai ta koma tseren kayan aiki: bindigogi masu madubi, kube da ke rataye a waje kamar na ɗan kaboyi, abin da ba mai iya yawo da shi a gari. Shi ne a 1996 su Bill Wilson da Ken Hackathorn da Larry Vickers da abokansu suka ce a dawo da abin kan bindigar da mutum ke ɗauka da gaske, a rufe ta da riga, a taƙaita harsashi, kada zagaye ɗaya ya wuce 18. Yanzu ga shi ita ma ta haifi falmaran ɗinta, wadda ake ɗinka wa gefe mai tauri don ta buɗe da sauri. Duk inda aka sa maki da kofi, ɗan Adam sai ya nemi hanyar cin kofin.

Maman Walid (Miniyapolis):
Ni dai ku yi haƙuri, zan ɓata muku hira. Shekara tara ina aikin jinya a sashen gaggawa. Ban taɓa karɓar wanda aka ce ya zaro bindiga cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ya ceci iyalinsa ba. Waɗanda nake karɓa su ne yaron da ya tsinci bindigar babansa a aljihun mota, da magidancin da ya rasa aiki ya shiga ɗaki ya kulle ƙofa. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar nan, fiye da 26,000 daga ciki su suka kashe kansu. Ba a sa wannan a labarin kwalayenku.

Kuma ina zaune minti kaɗan daga Falcon Heights. Philando Castile, baƙar fatan da ɗan sanda ya tsayar da motarsa a can, yana da lasisin ɗaukar bindiga. Shi da bakinsa ya gaya wa ɗan sanda cewa akwai bindiga a jikinsa, cikin ladabi, da yarinya 'yar shekara huɗu a kujerar baya. Yuli 2016. An harbe shi, a 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Yaya Baban Iman, kai baƙar fata ne, ga gemu, ga kaftani, ga harshenka da ake jin baƙo ne. Wane zagaye ne a gasar yake koya maka wannan?

Baban Iman (Dalas):
Babu, Hajiya. Gaskiya babu.

Ɗan Damagaram (Greensboro):
Hajiya maganarki dutse, amma ki ji tawa. Ni dare nake aiki, ina kai kaya. Shekara biyu da suka wuce, wajen ƙarfe ɗaya, wani yaro da bai kai ƙanena ba ya ɗora mini bindiga a kunne a bakin wani rukunin gidaje. Na ba shi waya da dala 60. Sati uku ban yi barcin kirki ba. Bayan nan na je na yi kwas ɗin awa takwas da Karolina ta Arewa ke nema, na karɓi izini a ofishin sherif. Kun san harbin da muka yi a kwas ɗin? Tsaye, ba motsi, ba agogo, takarda na gabanka kamar allon makaranta. Wata tsohuwa kusa da ni hannunta na rawa, ita ma ta ci. Daga nan aka ce jeka, ka cancanci yawo da bindiga cikin mutane. In da gasar nan za ta sa in san bindigar fiye da haka, ai gara ita da babu.

Kawu Tsohon Soja (Killeen):
Ɗana, tambaya ɗaya. Daren da yaron ya ɗora maka ita a kunne, da akwai bindiga a ƙugunka, me za ka yi?

Ɗan Damagaram (Greensboro):
Kawu na sha tunanin wannan. Zan ba shi wayar da dala 60 ɗin.

Kawu Tsohon Soja (Killeen):
Madalla. To kai za ka iya ɗauka. Wanda ya ce mini zai zaro, shi nake tsoro.

Bari in faɗi abin da gasar take bayarwa, don kada a ce na zo rushe ta. Na yi shekara ashirin da kaki, na je Iraƙi sau biyu, kuma wallahi da ƙaramar bindiga akwai 'yan gasa masu sayar da inshora da suka fi yawancin sojojin da na sani. Soja doguwar bindiga ya sani. Na farko, hannu. Zarowa, cika ta, gyara ta in ta cije, duk ba tare da ka kalle ta ba. Na biyu, kuma shi ya fi, yatsa. A filin nan in ka taka ƙafa ɗaya yatsanka na kan kunama za ka ji tsawa. In bakin bindigarka ya juya ya wuce layin da aka shata zuwa inda mutane suke, an kore ka ranar, ba roƙo, ba sanayya. Har zolaya suke yi, wai ka tafi Dairy Queen ka sha askirim, saboda haruffan farko na sunan shagon sun zo ɗaya da na kalmar kora a Turanci. Mutumin da aka yi wa wannan tarbiyya wata da watanni, da wuya ya harbi cinyarsa a banɗaki. Na uku, agogo da idon mutane. Ba tsoron mutuwa ba ne, amma zuciya na bugawa, kuma a nan kake gane cewa abin da ka iya a natse rabinsa ne ke zuwa in an matsa maka.

Abin da ba ta bayarwa kuwa: kafin a fara ana zagayawa da ku a nuna muku inda kowane kwali yake. An gaya maka su wane ne ɓarayi. An tambaye ka ko ka shirya. Kuma ƙarar agogo kullum ma'anarta ɗaya, harba. Ba a taɓa yin zagayen da amsarsa ita ce ka juya ka tafi, ko ka ba da wayar. A titi kuwa tambayar ba ta saurin hannu ba ce. Tambayar ita ce, wannan da ke tahowa hannu a aljihu, ɓarawo ne ko mai tambayar hanya?

Autan Zaure (Columbus):
Salam manya. Ni abin ya burge ni wallahi. Akwai filin harbi kusa da makarantarmu, ana ba da hayar bindiga. Yaya Baban Iman in na fara koyo a can, hutun Disamba zan iya zuwa Dalas mu je gasar tare?

Barista (Baltimore):
Auta, tsaya. Da wace takarda kake zaune a ƙasar nan?

Autan Zaure (Columbus):
Bizar karatu, Anti.

Barista (Baltimore):
To kada ka kuskura ka taɓa ta, ko ta haya ce, ko ta aboki ce, sai ka zauna da lauya. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar zama na wucin gadi mallakar bindiga ko harsashi, kuma riƙewa a filin harbi ma ana iya lissafa ta a mallaka. Akwai 'yan togaciya, mafi shahara ita ce mai lasisin farauta, amma ba abin da za ka gina rayuwarka a kai daga hirar zaure ba ne. Mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, hukuncinsa daban. Wanda takardunsa suka ƙare kuwa babu wata ƙofa. Akwai wani ɗalibi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Hamid Rehaif, da ya zo karatu Fulorida. Makaranta ta sallame shi saboda faɗuwa jarrabawa, ya ci gaba da zama, ya je filin harbi ya yi harbi. Aka kama shi, aka yanke masa wata 18. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 2019 ta ce dole gwamnati ta tabbatar ya san matsayin zamansa ya lalace. Ya yi nasara a wannan gaɓa, amma ka tambayi kanka ko shekarun da ya yi yana hawa da sauka a kotu su iyayenka suka turo ka yi.

Autan Zaure (Columbus):
Innalillahi. Ai wani abokina ya gayyace mu, mu uku, ranar haihuwarsa, ni dai ban samu zuwa ba.

Barista (Baltimore):
Allah ya tsare ka. Ka same ni ta gefe.

Tunda na shigo, bari in ƙara kan maganar Kawu. Ni inda gasar ke ba ni tsoro shi ne lissafin da take sa wa mutum a kai. Duk mai zuwa filayen nan ya haddace maganar ƙafa 21: wani sajan ɗin 'yan sanda a Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna a 1983 cewa mai wuƙa zai iya cin wannan tazara cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Gaskiya ne, amma ba doka ba ce, kuma ba lasisin harbi ba ne. Michael Drejka a Clearwater ta Fulorida, Yuli 2018, shi ya fara tayar da rigima da wata mata kan wurin ajiye motar naƙasassu. Saurayinta Markeis McGlockton ya fito daga shago ya ture shi ya faɗi. Drejka ya zaro daga zaune, harsashi ɗaya, a ƙirji. In a gasa ne maki mai kyau ya ci. Har maganar ƙafa 21 ya kawo wa masu bincike. Amma kyamarar shagon ta nuna mutumin yana ja da baya lokacin da aka harbe shi. Shekara 20 aka ba shi, a jihar da kowa ke cewa dokarta ta fi sassauci ga mai kare kai.

Baban Iman (Dalas):
Barista, to ai shi wannan neman faɗa ya je yi. Ba gasa ta sa shi ba.

Barista (Baltimore):
Ban ce ita ta sa shi ba. Cewa na yi hannunsa ya riga hankalinsa, kuma hannun kawai ake aunawa a filinku.

Abu Hanifa (Hustan):
Ni ina ganin an yi wa gasar rashin adalci. Ana kawo labarin waɗanda abin ya ɓaci, ba a kawo na waɗanda suka tsayar da ɓarna. Disamba 2019, White Settlement kusa da Fort Worth, mutum ya buɗe wuta a coci ya kashe biyu, Jack Wilson ya kwantar da shi da harsashi ɗaya, duka abin bai wuce daƙiƙa shida ba. Wilson mai koyar da harbi ne. Yuli 2022, kasuwar Greenwood Park a Indiyana, Elisjsha Dicken ɗan shekara 22 ya tsayar da maharin cikin daƙiƙa 15, daga nisan kusan yadi 40, harsashi 10 ya harba 8 suka samu. Wannan ba sa'a ba ce, hannu ne da ya saba. Mu a masallacinmu tun abin da ya faru a masallatan Christchurch ta ƙasar New Zealand a Maris 2019, da aka kashe mutum 51, muke da masu tsaron ƙofa ranar Juma'a. Ni ina cikinsu. Kuna so mutanen da ke tsaye bayan sahun 'ya'yanku su zama waɗanda rabonsu da harbi tun ranar karɓar lasisi? A nan Tekzas ma tun 1 ga Satumba 2021 ba a buƙatar lasisin, shekara 21 kawai da tsabtar tarihi.

Kawu Tsohon Soja (Killeen):
Abu Hanifa, misalanka gaskiya ne, amma Dicken ba ɗan sanda ba ne, ba soja ba ne, an ce kakansa ya koya masa harbi. To hujjarka ta sabo ce, ba ta kofi ba, kuma a kan sabo ba mu da saɓani. Sai dai ka haɗa da Johnny Hurley. Arvada, Kolorado, Yuni 2021. Ya ji harbi, ya fito daga shago, ya kashe mutumin da ya kashe ɗan sanda. Ya yi komai daidai. Ɗan sandan da ya iso ya gan shi riƙe da doguwar bindigar maharin, ya harbe shi ya mutu. Kuma shi farar fata ne. A gasa in ka gama alƙali ne ke cewa ka sauke harsashi ka nuna masa babu komai, a tafa maka. A waje minti biyun da ke bayan harbin sun fi harbin haɗari.

Maman Walid (Miniyapolis):
Kuma Abu Hanifa, tsakani da Allah, a masallaci cike da mutane kafaɗa da kafaɗa, harsashin da ya kuskure ina zai je? A 2012 a gaban ginin Empire State da ke Niyu Yok 'yan sanda biyu suka harbi mutum ɗaya, harsashi 16, mutum tara masu wucewa suka ji rauni. Waɗannan aikinsu ke nan. A filinku mai tafin hannu daƙiƙa 5 ne. A wurina gado ne da iyaye a tsaye a baranda.

Abu Hanifa (Hustan):
Hajiya ai wannan hujjata ce kika kawo. Saboda haka ne ma ya kamata a yi ta gwaji.

Maman Walid (Miniyapolis):
Ko kuma saboda haka ne ya kamata a rage masu ɗauka.

Na Gusau:
Ku dai kuna cikin ni'ima, kuna gardama kan daƙiƙa. Mu nan a Yuni 2022 gwamnatin Zamfara da kanta ta ce mutane su nemi lasisin bindiga su kare kansu, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka watse. Fistol kuwa a dokar Najeriya sai da izinin shugaban ƙasa. Waɗanda ke shigo mana ba su uku ba ne, kuma ba kwali ba ne.

Admin (Atlanta):
Allah ya kawo muku sauƙi Na Gusau, amin. Amma a bar wannan zuwa wani zaren, in aka buɗe ta nan ba za mu dawo ba. Sannan don Allah kada kowa ya sa hoton bindigarsa ko sunan masallacinsa a nan. Mu fiye da ɗari uku ne, ba duka muka san juna ba.

Malam (Bronx):
Assalamu alaikum. Na karanta duka bayan Isha. Mu nan Niyu Yok maganar ta yi mana nisa. Ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yuni 2022 da ya rushe sharaɗin sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka lasisin ɗaukar bindiga, jihar ta sa awa 16 na aji da awa 2 na harbi, ta kuma hana shiga da ita jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da Times Square da wurare da yawa. Kuma mu mazauna Bronx ba mu manta Amadou Diallo ba, ɗan Gini, 1999, harsashi 41 a ƙofar gidansa, walat ce a hannunsa.

Ta fuskar addini, kare kai halal ne, babu ja. Hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, kuma koyon harbi abin yabo ne. Amma abin da ya ja hankalina a bayanin Kawu shi ne dokokin filin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ya kuma umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Duka suna cikin Bukhari da Muslim. To in akwai wurin da ake korar mutum saboda bakin bindigarsa ya kalli jama'a, wannan wurin yana koyar da ladabin da muka sani. Wanda ya riga ya yanke shawarar ɗauka, ban ga dalilin hana shi zuwa ba. Tsorona shi ne abin da ke shiga zuciya. Malamai sun ce ana tunkuɗe mai kawo hari da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi: in magana ta isa ba a duka, in duka ya isa ba a kisa. Mutumin da ya kashe kuɗi da Asabar ɗinsa yana gyara abu ɗaya, ransa zai so ranar da zai gwada shi, ko bai faɗa ba.

Baban Iman (Dalas):
Allah gafarta Malam, wannan ta taɓa ni, kuma zan faɗi abin da ban yi niyyar faɗa ba. Watan jiya a fitilar hanya wani ya sha gabana, na yi masa hon, ya fito daga mota yana zagi yana dukan murfin motata. Da can da na kulle ƙofa na kau da kai. Ranar na tsinci kaina ina auna tazarar da ke tsakaninmu, ina cewa yadi biyar ne, da'irar tana nan. Hannuna bai motsa ba, alhamdu lillahi, fitila ta ba da hannu na wuce. Amma idona ya riga ya mai da shi kwali. Iman na baya tana cin biskit.

Kawu Tsohon Soja (Killeen):
Na gode da ka faɗa. Ba kai kaɗai ba ne, sauran ba sa faɗa ne. Shawarata gare ka: kada ka bar gasar, ka bar neman matsayi a cikinta. Ka riƙa zuwa da ƙaramar, da kayan da kake sawa. Ka zo na 31 ɗin, ba komai. Kaftanin kuma ka kai wa tela ya ƙara tsagar gefe ta hau har ƙugu, ko ka haƙura da ɗauka ranar da ka sa shi. Mayarwa kube kuma babu agogo a kanta, ka duba da idonka, ka yi a hankali kamar mai mayar da jariri gado. Sannan kuɗin harsashin wata biyu ka ware ka yi kwas ɗin da ake amfani da bindigar fenti da mutane na gaske masu magana, masu ƙarya, masu ɗaga hannu. A irinsa na ga gwanin gasa ya harbi mai miƙo masa waya.

Maman Walid (Miniyapolis):
Tunda ba za ku bari ba, ga nawa sharaɗin. Akwatin ƙarfe mai kulle a gida, ba saman kwaba ba, yara sun fi ku sanin saman kwaba. Ku koyi ɗaure jijiya da tsayar da jini, kwas ɗin Stop the Bleed bai fi awa biyu ba kuma wurare da yawa kyauta ne, kun fi kusa da amfani da shi fiye da bindigar. In kun dawo daga fili ku wanke hannu da fuska ku canza riga kafin ku ɗauki yaro, dalma ce a jikinku. Kuma ranar da ɗayanku ya ji duniya ta yi masa zafi, ya fitar da ita daga gidan ta hanyar da doka ta yarda, kafin dare.

Yaya Baban Iman, Maman Iman ta san labarin fitilar nan?

Baban Iman (Dalas):
Ba ta sani ba.

Maman Walid (Miniyapolis):
To ka gaya mata kafin ta ji a bakin matan zaure, ka san ba a ɓoye mana komai.

Ɗan Damagaram (Greensboro):
Yaya nawa ake kashewa a rana ɗaya? Na duba akwai masu yi kusa da mu.

Baban Iman (Dalas):
A namu dala 25 kuɗin shiga, ka zo da harsashi kamar 100, gidan harsashi uku, kube mai rufe kunama, tabarau da abin toshe kunne. Ka je da ita babu harsashi a ciki, cikin jaka, kada ka taɓa ta sai a teburin da aka ware ko in alƙali ya ce. Ka gaya musu sabo ne kai, za su sa ka a ƙarshen layi ka ga yadda ake yi. Ranar farko tafiya za ka yi, ba gudu ba.

Ɗan Damagaram (Greensboro):
To kayan fa? Ni da rigar sanyi mai hula nake aikin dare.

Kawu Tsohon Soja (Killeen):
Da ita za ka je. Amma ka zare igiyar ƙasan nan mai ɗan maɓalli tukuna, ita ce ke shiga kube.